Abin da Majigi Ya Haska a Taron Iyaye

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah Ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau, Inna ma ta warware, har ta koma faɗanta da kaji.

Yaya, kin tambaya ko ya dace ki sabunta wa yara manhajar kariya daga bairos a kwamfutarsu, tunda karatu da kallo kawai suke yi a intanet. Na yi jinkirin amsa ne don kunya. Kin san kwamfutar da kika aiko min da irin wannan manhajar ta zo. Ta dame ni da gargaɗi, ko ina na shiga sai ta ce kul. Ni kuma kin san halina da taurin kai. Da ta hana ni shiga wani shafi da nake ɗebo hotunan koyarwa kyauta, sai na cire ta, har ina yi wa malamai ƙuri wai ni ba na yawon banza a intanet, me zan ji wa tsoro.

Makon jiya aka yi taron iyaye a ajinmu. Na haɗa kwamfutar da majigi zan nuna musu aikin yara a bango. Ina cikin bayani sai hotuna suka fara faɗowa da kansu, na mata, irin waɗanda bakina ba zai iya faɗa miki ba. In na rufe ɗaya, uku su buɗe. Na rasa ma inda ake kashewa, sai da hedimasta ya fizge wayar majigin daga bango. Wata uwa ta rufe wa 'yarta ido da mayafi. Kawu, wanda ya tsaya min har na samu aikin nan, yana zaune a layin gaba. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Mai gyaran kwamfuta ya ce daga shafin hotunan ne abin ya shigo, kuma da manhajar tana nan da wuya ya wuce ta. Hedimasta ya ce in zauna a gida har kwamiti ya yanke shawara a kan aikina. Jiya Kawu ya zo. Na fara yi masa bayani, sai ya dafa kafaɗata, ya ce kowane namiji yana da rauninsa, shi ya yafe min kuma yana yi min addu'ar shiriya. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi, don na gane bai yarda da ni ba.

Saboda haka ki sabunta wa yara, kada ki tsaya wani tunani. Kuma don Allah ki kira Kawu, ke yana jin maganarki.

Ki gaishe min da maigida, da Babangida da takwarar Inna. Uwargidana tana gaishe ki. Auta ma tana gaisuwa, yau da safe ta ɗauko min takalmin aiki, na ce mata hutu nake yi.

Naki,
Ƙaninki, malamin aji huɗu, in har sun bar min ajin.