Dutsen da Ban Sauke Maka Ba

Zuwa ga abokina Tasfai,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka, ko ta sami wanda ya san inda kake ya fassara maka. Ni ne Ishaƙa direba, na gonakin Simsim, wanda kake tsokana da cewa tarakta ta fi shi ladabi.

Damina uku muna cin tuwon dawa a ƙwarya ɗaya. Ranar Laraba da Juma'a ba ka taɓa nama, ni kuwa in cinye rabonka ina yi wa azumin Habasha addu'ar ɗorewa. Kai Kirista, amma kai ke zungurina da asuba kana cewa rana za ta riga ni salla.

Ka tuna abin da ya raba mu. Lokacin yankan riɗi ne, riɗi kuwa ba ya jiran kowa, in an yi jinkiri sai ya fashe ya zube. Aikina jawo muku tankin ruwa. Na shiga Gadarif bikin suna, daɗin hira ya ɗauke ni na kwana. Kuka yini kuna yanka cikin rana babu ɗigon ruwa, har mutum biyu suka faɗi.

Da wakilin mai gona ya tambaya, kowa ya sunkuyar da kai, kai ka faɗi gaskiya. Sai dai ka ƙara da cewa Takari irina, ɗan asalin ƙasar Hausa, ko ya shekara ɗari a ƙasar nan ba ya jin ciwonta. Aka karɓe taraktar daga hannuna. Na manta da mutum biyun da suka faɗi, na riƙe kalmarka ɗaya. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango naka.

Bayan an gama girbin dawa, wata Asabar da la'asar, uwargida ta shigo a firgice ta ce ga wani Bahabashe a ƙofar gida da dutse. Na fito da gora. Na tarar da kai a sunkuye, ba takalmi, leɓɓanka a bushe, ka ɗora dutsen a bayan wuya. Ka ce da Larabci, "Samihni, ka yafe mini, ya Ishaƙa. Gobe nake so in shiga kurban."

Na ɗauka raini ne, ko wani surkulle. Na ce maka kurbaninka bai shafe ni ba, na rufe ƙofa. Ta ramin katanga ina ganinka a haka har aka kira magariba, sannan ka juya.

Sai damina ta zagayo abokin tafiyarka Hagos ya dawo aiki shi kaɗai, ya zaunar da ni ya warware mini. A ƙasarku mai neman gafara yakan ɗauki dutse a wuya, wanda aka ɓata wa shi ke sa hannu ya sauke. Kurban kuma shi ne abin da Kiristocin ƙasar Hausa ke kira Jibin Ubangiji: gutsuren gurasa da ruwan inabi, waɗanda kuka gaskata jikin Almasihu ne da jininsa. Ya ce ba a matsawa wurin da ciki cike, ba a matsawa da gaba a zuciya. Wanda ya karɓa yakan rufe baki da mayafi, ko yawu ba ya tofarwa a ranar.

Ya ce shekara da shekaru kana tsayawa a bayan coci, kana ganin ba ka isa ba. A waccan shekarar ka shirya, ka yi azumi, ka faɗi zunubanka gaban limaminku, shi kuma ya ce ka je ka shirya da wanda ka zaga tukuna. Washegarin zuwanka ƙofata mutane suka yi layi a coci, kai ka tsaya a baya inda ka saba. Daga nan ka bi ta Fashaga ka ƙetare iyaka, ba ka sake dawowa ba.

Tasfai, ni Musulmi ne, aƙidarmu game da Annabi Isa ba ɗaya ba ce, kuma ba zan yi maka ƙaryar na fahimci abin da ke cikin gurasar nan ba. Amma na san yunwar mutumin da ke son kusantar Ubangijinsa, kuma na san ni na tare maka hanya. Abin yana cina. Da na sani ƙeya ce.

Kowace kaka nakan je inda motoci ke sauke masu yankan riɗi, ina duba fuskoki. Wani ya ce mini ka tsufa a ƙauyenku, wani ya ce zazzaɓi ya ɗauke ka tun da daɗewa. Ban san wanda zan gaskata ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ko kana nan har yau a bayan coci saboda ni.

Bana 'ya'yana sun haɗa mini kuɗin Hajji. Malaminmu ya ce mai tafiya ya bi duk wanda ya zalunta ya nemi afuwa kafin ya ɗaura harami. Na bi unguwa gida-gida, na gama da kowa. Saura kai, kuma ban san ƙofar da zan tsaya ba.

Ɗan'uwana, na yafe maka duniya da lahira, zagin nan ma ni na jawo shi. In kana raye, ranar Lahadi mai zuwa ka yi azuminka, ka shiga layi, ka karɓa. In ka riga mu gidan gaskiya, Allah ya sani na makara.

Allah ya sa kana cikin lafiya, ya ba ka damina mai albarka, ya sa ka tuna ni ba da ɗaci ba. Ni zan tafi da nawa nauyin, sai ranar da na ji daga bakinka.

Ka yafe mini.

Naka mai laifi,
Ishaƙa direba, Gadarif