Tabawa Na Son Bin Taibatu, Ni Ko Ba Ni Barin Kusheyi

Malam mai filin shawara, don Allah ka agaje ni, gidana na mutuwa ina kallo. Ni ban yi boko ba, wani malamin makaranta na roƙa ya rubuta, kuma na ce kada ya gyara mini magana.

Matata Tabawa, duk abin da ta haifa bai zauna ba. Ƙanenta Isa da ya samu ɗiya, Taibatu, wurinta anka kawo ta yaye kamar yadda muka gada. Bayanta ta kwana, kununta ta sha, har anka yi alkawarin ita za ta riƙe ta. Sai ga ruwan dam na Bakolori. Garinmu ya nutse, gona da masallaci da rijiya. Isa ya kwashe iyalinsa zuwa Bakura, har da yarinyar. Ni na ƙi. Na hau tudu na kafa bukka bakin ruwan.

Ana cewa taurin kai ne. To, a ce. Amma in bazara ta yi ruwa ya ja, kan tsohuwar kukar garinmu na fitowa, kuma daga wannan kuka ni kaɗai ke iya nuna wa mutum inda kushewar ubansa take. Mutane na zuwa daga nesa, in miƙa sanda, su ɗaga hannu su yi addu'a. In na tashi, wa za ya nuna musu? Uwata ma na ƙarƙashin ruwan nan.

Ita ko Tabawa, ranar kasuwar Mafara ba ta wuce ta ba ta aika wa yarinyar ƙuli ko ɗan zane ba. Har akuya ta ɗaure da sunan yarinyar, ko ɗan akuyar ba ta bari a sayar. Sallar da ta wuce ta samu mota ta tafi Bakura. Malam, yarinyar ba ta gane ta ba. Ta ɓoye bayan uwarta tana kuka, kamar ta ga mai satar yara. Tun da Tabawa ta dawo ba ta cin tuwo sai dai ta taɓa, zane na zamewa daga jikinta. Ba ta yi mini faɗa, da ma faɗan take yi. Na aika a ba mu yarinyar, Isa ya ce ba ya kai ɗiyarsa bakin ruwa ga sauro. In na zauna, Tabawa za ta ƙare. In na tafi, garinmu ya mutu sau biyu. Mi zan yi?

Dattijon bakin ruwa, ƙasar Maradun

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Na karanta takardarka da nauyin zuciya. Abin da kake tsare da shi amana ce, ba zan kira shi taurin kai kawai ba. Amma shi ma Isa bai yi laifi ba, uba ne, kuma alkawarin da ya yi, a garin da ke da rijiya da maƙwabta ya yi shi. Ka daina neman a kawo yarinyar.

Ka fara da abin da ba ya jira: ka kai Inna Tabawa asibiti a duba ta, sannan ka raka ta Bakura da kanka, da akuyar, ta yi damina a gidan ƙanenta. Yaro ba ya gane mai aiko da ƙuli, mai dama masa kunu kullum yake ganewa. In ta zauna, Taibatu da kanta za ta hau bayanta.

Batun kusheyi kuwa, ka ce kai kaɗai ka sani. Baba, wannan shi ne abin tsoro, domin kai ma ba dawwama za ka yi ba. Bazara mai zuwa ka tara 'ya'yan garinku a bakin ruwa, ka nuna musu ɗaya bayan ɗaya, malamin nan ya rubuta. Da damina kukar a nutse take, babu abin da kake nunawa. Ka yi damina da matarka, ka yi bazara da kukarka.

Addu'arka za ta isa ga mahaifiyarka ko daga Bakura. Inna Tabawa kuwa tana raye, kada ka bari ta zama cikin waɗanda za ka nuna da sanda. Allah ya ba ta lafiya, ya haɗa ta da ɗiyarta.