Makirufon 'Yan Kwalta

Darrasa, Alƙahira
Farkon Rajab

Zuwa ga Yayata Sabuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya jikin Baba, tarin ya lafa? Yaya Inna da ƙafar tata? Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Maigidana Ismail yana gaishe ku, yana nan ya nutse cikin littattafansa kamar kullum.

Kada ki yi mamakin ganin rubutu. Da hannu na yi shi na ɗauki hoto na turo miki, don na san halinki: saƙon murya in ya shigo, a tsakar gida kike kunna shi har maƙwabta su sa baki. Wannan kuwa maganar ƙaninmu Harun ce, ba ta tsakar gida ba.

Karatu dai yana yi. Izu kaɗan suka rage ya gama biya wa Shehinsa Alƙur'ani ya karɓi ijaza, wato shaidar ya iya karatun. Kin fi ni sanin abin da ke jiransa a Funtuwa. Ke kika gaya mini azumin bara muryar Baba ta shaƙe a tsakiyar tarawihi, ya juyo ya ce wa jama'a su yi haƙuri, baɗi ɗansa zai ja su. Tun ranar nake ji kamar muryar yaron nan ajiya ce aka ba ni.

To, ƙanin namu ya samu sabuwar sana'a. Kin san katakon nan mai ƙananan tayoyi huɗu da ake hawa ana sulalawa a titi? Sket suke ce masa. Wata safiyar Juma'a, lokacin da titunan Wustul Balad, wato tsakiyar birni, suke fayau, ya ga wani saurayi ya faɗo daga kan katakon ya tashi yana zagin kwalta da Hausa. Tarig sunansa, Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Sakkwato za su hajji a ƙafa, suka yada zango a can har Allah Ya yi musu zama. Yaƙi ne ya koro shi nan da ƙanwarsa Malaz. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, in yana magana sai ki tuna da kakarmu.

Ba katakon kaɗai ba ne, suna da ƙungiyar kiɗa, wai 'Yan Kwalta. Na matsa wa Ismail ya raka ni garejin da suke haɗuwa a gefen unguwar Ma'adi. Yaya Sabuwa, na sha jin kiɗa, amma ban taɓa jin wanda aka yi shi da fushi ba sai ranar. Pank suke ce wa irin kiɗan, wanda ya fi zafi a cikinsa kuma hadko. Tarig yana yagar jita, Malaz tana dukan ganguna kamar sun ci mata amana, kafin ki gyara mayafi waƙa ta ƙare. Wai tsawon kowace waƙa daidai da gangarawa ɗaya ce a kan katako.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu mawaƙi. Akwai makirufo a tsakiya a kan sandarsa, an naɗe shi da wani tsohon bandeji, ba mai taɓa shi. Na tambayi Harun, ya ce dogon labari ne, kuma in kwantar da hankalina, shi hawa kawai yake yi. Na ce masa bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ya yi dariya ya ce na tsufa tun ban haihu ba.

Kada ki gaya wa Baba tukuna. Ki gaida kowa da kowa.

Taki ƙanwa,
Fauziyya

Darrasa
Ƙarshen Rajab

Yaya Sabuwa,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun tashi lafiya, Allah Ya ƙara wa Baba sauƙi. Na ga amsarki, kin ce in bar yaro ya sha iska. To ga iskar da ya sha: ya faɗo, idon sawunsa ya tsage, an sa masa filasta har gwiwa. Da na ga ƙafar hamdala na yi, na ce ai da zaune ake biya karatu. Ashe ban san dawan garin ba.

Malaz ce ta ba ni labarin, da ta kawo masa miyar kuɓewa irin tasu. A Omdurman, can Sudan, suka fara, su uku, ita da Tarig da babban wansu Mu'tasim, da katako ɗaya tal suna karɓa-karɓa. Wata rana Tarig ya karya hannu, aka bar shi zaune a bakin titi yana kallo. Haushi ya sa ya riƙa yi musu ihu yana dukan tsohuwar garwa, su kuma suka ga ihun yana ƙara musu gudu. Daga nan ƙungiyar ta samo asali, da ƙa'ida ɗaya: wanda ya faɗi ya ji ciwon da zai hana shi hawa, shi ne mawaƙi, kuma makirufo yana hannunsa har sai wani ya faɗi. Ta ce hikimar ita ce kada mai ciwo ya zauna shi kaɗai. Haka suka yi shekaru, makirufo yana zagayawa, har matasan unguwanni suka san su.

Mu'tasim ne mai riƙe da shi lokacin da yaƙi ya ɓarke, da karaya a cinya. Bai iya tafiyar mota ba. Ya kwance bandejinsa ya naɗe makirufon ya ba Tarig, ya ce su yi gaba zai biyo su. Bai biyo su ba, Allah Ya ji ƙansa. Tun da suka zo Masar a hankali suke hawa, ba mai son ya zama wanda zai gaje shi. Sai ga ɗan Funtuwa da ko tsayuwa bai gama iyawa ba ya zo ya faɗi.

Yanzu ɗan'uwanki ne mawaƙin 'Yan Kwalta. Kuma ba waƙa ba ce, ihu ne daga can ƙasan maƙogwaro, irin wanda in kin ji za ki ce ana yanka mutum. Muryar nan da mata ke leƙowa ta taga in yana tilawa, ita yake yagawa sau biyu a mako. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka. Ya ce mini, "Yaya Fauziyya, da idona na ga Tarig yana kwance bandejin makirufon ya miƙo mini. Ta yaya zan ce masa ba na so?" Ya kuma ce akwai abin da ke fita daga ƙirjinsa in ya yi ihun, wanda bai san yana ɗauke da shi ba. Wannan maganar ta fi ba ni tsoro, don ni ma ban taɓa tambayarsa ko nauyin masallacin Baba ya yi masa yawa ba.

Jiya Shehi ya tsayar da shi a tsakiyar aya, ya ce muryarsa tana yankewa a wurin ja, ya je ya sha zuma ya dawo. Ba na iya cin abinci. Ki taya ni da addu'a, ki gaida Inna.

Taki,
Fauziyya

Darrasa
Tsakiyar Sha'aban

Yaya Sabuwa,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Ki yi haƙuri da shiruna. Abubuwa ne suka taru.

'Yan Kwalta sun yi wasa a wani ɗan fili na masu katako a Ma'adi, da la'asar. Na je don in sa ido. Matasa cike, 'yan Sudan da Misirawa, suna ture juna suna tsalle, wasu na sulalawa ta gefe. Harun yana kan kujera da filastarsa yana ihun kalmomin Mu'tasim, jama'a suna amsawa, Malaz tana duka tana hawaye. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma tsigar jikina ta tashi. A waƙar ƙarshe ya buɗe baki, babu abin da ya fito sai iska.

Likitan maƙogwaro ya leƙa da 'yar kyamara ya ce jijiyar muryarsa ɗaya ta yi jini. Ya hana shi magana baki ɗaya, ko raɗa, na wasu makonni. Ya ce in ya sake irin wannan ihun, kada ya dawo wurinsa. Da muka fito na ce shi ke nan, an rabu da makirufo. Sai yaron nan ya rubuta mini a waya cewa yana hannunsa har sai wani ya faɗi, in ya warke zai koma. Kin san taurin kan gidanmu.

Na hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, ni kaɗai na je na samu Tarig a garejin. Na gaya masa komai, Baba da tarinsa da alƙawarin da ya yi wa jama'a. Na faɗi maganganu masu zafi. Na ce ɗan'uwansa ya tafi, Allah Ya gafarta masa, amma nawa yana raye, kada su binne muryarsa tare da mamaci. Ya riƙa juya tayar katakonsa da yatsa. Can ya ce, "Ma'alish, ya ukhti, ki yi haƙuri 'yar'uwa, ba mu san kayan da yaron ke ɗauke da shi ba. Amma ƙa'idar Mu'tasim ba a kwance ta da baki." Na ce to da me ake kwance ta? Ya ce, "Khalas, shi ke nan, ki tafi gida." Na fito ina ganin wulaƙanta ni ya yi.

Ranar Juma'a da safe Tarig ya je wasu dogayen matakala a Wustul Balad, waɗanda Malaz ta ce ko a Omdurman, lokacin yana kan ganiyarsa, ba ya gwada irinsu. Ya taho da gudu ya daka tsalle. Ƙashin kafaɗarsa ya karye, fuskarsa ta gogi ƙasa. Ta ce tun yana kwance, jini a baki, ya ce a je a karɓo masa makirufo.

Yaya Sabuwa, mutumin nan lodin kaya yake yi a wani shago, da kafaɗar yake ci da kansa da ƙanwarsa. Na je duba shi na kasa haɗa ido da shi. Shi kuwa tsokanata ya yi, wai ƙafarsa ce ta zame, ko an taɓa jin mai hankali ya faɗi da gangan? Na samu abin da na roƙa, amma ban ji daɗi ba ko kaɗan. Ismail ya ce mu riƙa kai musu cefane har ya warke, muna yi.

Harun yana zaune shiru, yana bin Alƙur'ani da ido. Ba wanda ya san abin da zai fito ranar da zai buɗe baki. Ki gaida Baba, ki ce masa karatu ya yi nisa.

Fauziyya

Darrasa
Ƙarshen Sha'aban

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri, yaya shirin azumi? Likita ya ba Harun izinin magana. Muryar ta dawo, amma ba ita ba ce. Ta yi ƙasa, ta yi kauri, akwai wani ɗan kaushi a cikinta, zaƙin nan na sama ya tafi. Da ya yi mini sallama daga bayan ƙofa sai da na jawo mayafi, na zaci baƙo ne.

Ya koma wurin Shehi ya ƙarasa a hankali. Shehi ya ce shi haruffa yake ba wa ijaza, kuma haruffa suna nan daram, ya sa masa hannu. Alhamdu lillahi. Amma yaron ya ce ba zai hau jirgi ba. Wai Baba murya ya yi wa mutane alƙawari, shi kuma ya zubar da ita a garejin Ma'adi, da wane ido zai tsaya a gabansa?

Na ɗauki karatunsa na Suratu Maryam bai sani ba, ga shi na turo miki. Wannan karon na yarda, ki kunna a tsakar gida, kusa da Baba. Kada ki faɗi ko waye. Ki dubi fuskarsa ki gaya mini gaskiya, komai ɗacinta. Ina nan riƙe da waya.

Taki,
Fauziyya

Darrasa
Jajibirin azumi

Yaya Sabuwa,

Assalamu alaikum. Allah Ya saka miki da alheri, Ya raya miki zuri'a. Na karanta wa Harun saƙonki a gaban Tarig da Malaz, don sun zo mana cin abincin rana.

Na karanta inda kika ce Baba ya saurara ya tambaya wane Balarabe ne wannan, ya ce makarancin ya sha wuya a rayuwa, ana ji. Harun ya sunkuyar da kai, na ce a raina shi ke nan. Sai na kai inda kika ce da karatun ya iso addu'ar Annabi Zakariyya, wurin da Baba ke yanke numfashi ya koma baya kalma biyu, yadda ya koya mana tun muna ƙanana kuma ban ji wani yana yi ba a duk Masar, sai Baba ya ɗaga hannu ya ce ki tsayar. Ya ce, "Wannan numfashina ne. Me ya sami ɗana?" Da kika ba shi labari kuma bai yi faɗa ba, ya ce a gaya masa ya taho, masu bin salla ba zaƙi suke nema ba, wanda zai kai su ƙarshe suke nema.

Harun ya yi kuka da sabuwar muryarsa. Jibi zai taso, zai riski tarawihin dare na uku in Allah Ya so. Ki tanadar masa zuma da citta, ki hana shi surutu.

Saƙon da Baba ya bayar na biyu ma na isar. Na gaya wa Tarig Liman ya tambayi cikakken sunan Mu'tasim, zai sa shi a addu'a duk daren azumi. Ya karɓi alƙalami da hannun da ke da lafiya ya rubuta. Ga hotonsa nan a ƙasa. Rubutun ya karkace, da hagu ya yi.

Ki gaida Inna da yara.

Taki ƙanwa,
Fauziyya