Hancin mai duba nama

Litinin, 18 ga Nuwamba, 1991

Sati uku ke nan da babur ya kayar da ni a hanyar Gwagwalada. Ƙeya ta warke, hanci ne ya ƙi dawowa. Shekara goma sha huɗu ina duba nama a mayanka, yau ga ni tsaye cikin jini da tumbi kamar a ɗakin da aka share. Ba ƙarni, ba ɗoyi, ba komai.

Da shanu goma muke yankawa, yanzu arba'in, saboda ma'aikatan da ake ta kwasowa daga Legas. In na yi shakkar nama sai in yanki tsoka in tafasa a rufaffiyar tukunya, in ɗaga murfi in shaƙi tururin. Har yau haka nake yi. In sunkuya, in yamutsa fuska kamar mai nazari, in buga hatimi. Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Matata Safara'u ta yi miyar kuka, ta ce daddawar ta gidanmu ce. Gishiri na ji, sai zafin barkono. Na bar rabi, ita kuma ta kwana tana zaton fushi nake yi da ita. Shekara ashirin da aure, na kasa buɗe baki.

Talata, 26 ga Nuwamba

Na ga Dakta Edward a ɓoye. Ya sa na rufe ido, ya yi ta miƙo min abubuwa. Daga baya ya ce kanumfari ne da sabulu da kananzir. Ni dai iska na shaƙa.

Ya zana min a bayan kati. Can saman hanci akwai wani ƙashi mai huda-huda kamar rariya, jijiyoyi sirara suna ratsa shi zuwa ƙwaƙwalwa. Da na bugi ƙasa ƙwaƙwalwa ta girgiza, sai suka tsinke. Wai yawancin abin da muke kira ɗanɗano aikin hanci ne, harshe ɗan rakiya ne kawai. Na ce za su tsiro? Ya ce wani lokaci. Ya tambayi sana'ata, na ce ofis.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Wani bijimi ya kafe a ƙofar mayanka, mutum huɗu suka kasa jan shi. Bai ga komai ba, hancinsa ya gaya masa. Karen da ke bayan katanga ya san motar ƙashi tun kafin ta sha kwana. Ƙuda ma, ƙuda! Duk abin da ke wurin nan ya fi ni cancantar riƙe hatimi.

Justina, wadda aka turo mana daga Jos a matsayin mataimakiyata, ta ce in bar ta ta riƙa yin gwajin tukunya. Na ce ta je ta ƙirga ƙahoni, nama ba a littafi ake saninsa ba. Ta tafi. Ban ji daɗin kaina ba.

Laraba, 4 ga Disamba

Shanu arba'in da bakwai. Ƙafafuna. Na gaji.

Litinin, 9 ga Disamba

Abin da nake gudu ya zo. Ranar Asabar akwai sa mai ciki cike da ruwa, na yi shakka, na tafasa, na wuce da shi. Ashe mafitsara ce ta fashe. Yau Maman Felicity, mai dafa wa leburorin fasa dutse abinci a Mpape, ta shigo da tukunya a ka ta dire a gaban babban likitan dabbobi.

"Oga, shinshina! Nama ɗin nan fitsari ne. Mutane na sun ci sun yi amai, biyu ba ta fita aiki ba. Wane ne ya sa sitam?"

Kowa ya toshe hanci saboda zarni. Ni ma na toshe, amma sai da na ga sun yi.

Likita bai ko dube ni ba. Ya ce ni, Malam Yamusa, ba zan yi wannan ba, ya juya kan Justina, don sunanta ne a jerin masu aikin Asabar. Ta dube ni sau ɗaya. Na yi shiru. Allah ya gani, na yi shiru.

Alhamis, 12 ga Disamba

Yau gwamnati ta tare a Abuja. Jiniya tun safe, an tsare hanyoyi, mahauta sun taru a kan rediyo. An ba Justina takardar tuhuma, kwana bakwai ta amsa, in ba haka ba a mayar da ita Jos. Na gan ta a bakin famfo tana wanke wuƙa, ta ce, "Sannu da aiki, Baba." Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Na gaya wa Safara'u komai. Ta ce, "To ita 'yar mutane fa, Malam?" Ba ta ƙara ba.

Litinin, 16 ga Disamba

Na shiga wurin babban likitan dabbobi da katin Dakta Edward. Ba wani abu ba ne, gajiya ce kawai, ƙarya ma aiki ce. Ya karanta, ya daɗe yana kallona, ya yage takardar Justina. Tawa tana tafe, ya ce. Na ce to.

Da hantsi aka kawo wata saniya da ban yarda da launinta ba. Na yanka, na tafasa, na kira Justina a gaban mahauta duka. Ta ɗaga murfi, ta sunkuya, ta ce, "Baba, ba kyau." Mai saniyar ya ce shi hukuncin Malam yake jira, ba na yarinya ba. Na ce abin da ta faɗa shi ne hukuncin.

Hatimin yana aljihunta. Hannuna sai kai wa nawa aljihun yake yi.