Abin da Ke Tsakiyar Kwando

Ni ce Foong Yoke Lin, mai shagon shayi a tsohon garin Ipoh, matar marigayi Kok Seng Chai, uwarku ku uku: Kam Weng, Siew Har da autana Kam Fatt. Da hannuna nake rubuta wannan wasiyya, kuma hankalina yana nan daram. Mai shakka ya je ya tambayi likitan da ya duba ni makon jiya. Ya ce in faɗa masa sunan garin da muke, na faɗa, na ƙara masa da cewa shayin da ke kan teburinsa sabon ganye ne aka yayyafa wa ruwa aka sayar masa da sunan tsoho. Daga launinsa na gane. Bai sake yi mini wata tambaya ba.

Na ce daga launi, domin ido kaɗai ya rage mini. Maganin da suke ɗura mini ya kashe mini harshe da hanci. Romon kaza, gwanda, shayin da na tsufa ina sayarwa, duk ɗaya suke a bakina, kamar na tsotsi cokali. Ban faɗa muku ba don kada ku fara yi mini wannan kallon na tausayi. Yanzu kun sani, sai ku karanta sauran da wannan a ranku.

Na ɗaya. Shago da sunansa da duk shayin da ke ƙasa na Kam Weng ne. Kai ka zauna da ni a ciki, kai ka san masu saye da halinsu. Amma kana da saurin yarda da takarda, ɗana. Duk wanda ya kawo maka shayi ya fara da shekarunsa, ka bar shi ya gama, sannan ka ɗora ruwa. Kada ka bari mai sayarwa ya haɗa maka da hannunsa. Ya san inda aibin yake, ya san kuma yadda zai bi ta gefensa. Ka ɗanɗana da safe kafin ka ci taliyar nan taka mai yaji. Finjalin farko ba ya faɗar komai, kowane shayi yana da ladabi a finjalin farko. Ka yi ta ƙara ruwa har ganyen ya gaji, a nan ne mai ƙarya yake tona kansa: maƙogwaro ya bushe, harshe ya yi kamar an goga masa toka. Na kirki kuwa ko ya koma ruwa-ruwa zai bar maka ɗan zaƙi can ƙasan wuya. In kun gama ka juye ganyen a faranti ka murza. Wanda ya tsufa da kansa yana da sauran ƙarfi. Wanda aka tsufar da shi da ruwa a ɗakin ƙasa dagargajewa yake kamar laka.

Na biyu. Butocin yumɓuna duka na Siew Har ne, har da ƙaramar ja ɗin da kike ɗauka tun kina yarinya ina ƙwacewa. Kada sabulu ya taɓa su. Na san ki da tsabta, kin taɓa kankare mini wata da soson ƙarfe har ta yi fes, kika kawo mini kina jiran yabo. Baƙin da ke cikinsu shi ne dukiyar. Kuma kowace buta da shayinta, kada ki zuba mai ƙamshin fure a wadda ta saba da lukbo, baƙin shayin nan da ake ajiyewa ya tsufa.

Na uku. Kam Fatt, kai babbar butar ƙarfen ubanku na bar maka, wadda yake dafa wa ma'aikata shayi a ramin haƙar kuza. Na san ba ta da wurin zama a ɗan gidanka na Singapore, kuma na san kofi mai madara kake sha, kana cewa shayinmu warin ƙarƙashin gado yake yi. Ka ɗauka dai. A cikinku kai ne mai harshe, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Kai ka taɓa kurɓar wani lukbo ka yamutsa fuska ka ce wannan kusa da kifi ya kwana, muka yi maka dariya, daga baya muka ji cewa da buhunan busasshen kifi aka yi lodinsa a jirgi. Ina mamaki har yau yadda aka yi baiwar ta tsallake masu so ta faɗa kan wanda bai damu ba.

Na huɗu, kuma don shi na ɗauki alƙalami: kwandon da ke saman bene.

Kun tashi kun gan shi a lungu, kun san ba a taɓawa, amma ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarinsa ba. A zamanin kuza kowane rami yana sayen lukbo kwando-kwando daga garin Wuzhou can ƙetaren teku, domin mutumin da ya yini a cikin ruwa da rana ba abin da ke fitar masa da zafi da laima daga jiki kamarsa. Shayin leburori ne, ba wanda yake ɗaga shi sama yana duba launi. Da farashin kuza ya faɗi aka rufe ramin da ubanku yake dafa abinci, aka ce kowa ya ɗauki abin da zai iya. Wasu suka ɗauki injin ruwa, wasu kwanon rufi. Ubanku ya turo wannan kwandon a kan keke, ya kai masa ƙirji, ya fi shi nauyi. Tun a lokacin tsoho ne, an manta da shi a bayan sito, igiyarsa ta asali ba a kwance ba. Na ce masa mutane sun kawo abin sayarwa kai ka kawo abin ɗaki. Na ɗauko wuƙa in buɗe, ya riƙe hannuna ya ce, "Bari ya ƙara shekara, Lin." Kowace shekara haka. Ya mutu yana bari ya ƙara shekara. Bayansa kuma sai masu kuɗi suka gano shayin leburori, kwandon da ba a buɗe ba ya zama abin da ake zuwa kallo, ni kuma 'yar kasuwa ce, hannuna ya ƙi kwance shi.

Amma ba ranar da na hau benen nan ban tsaya na tambayi kaina ba: me ke tsakiyarsa? An danne ganyen da ɗuminsa, na gefe yana shan iska, na tsakiya yana zaune cikin duhu yana nuna a hankali, shekara da shekaru ga damina ga zafin garin nan. Na sha na saman kwanduna da yawa, na sha na gindi, amma tsakiyar wanda ya kai wannan tsufa ban taɓa ba, ban kuma san wanda ya taɓa ba. Wataƙila ya yi taushi kamar romon ƙashi. Wataƙila ƙamshin da ake nema ya cika shi, na pinang, ƙwayar nan da ake taunawa kamar goro. Wataƙila ruwa ya taɓa shiga tun a jirgi, ya ruɓe tun kafin a haife ku. Wataƙila ma masu ɗaurin sun sa mai kyau a sama suka cusa kara da shara a ciki, ana yi a lokacin, wa zai kai ƙara daga ramin kuza?

To, a kan wannan abin da ba wanda ya san cikinsa ne ku biyu kuka daina magana. Kam Weng, kai ka kawo mutumin Guangzhou mai takalmi mai ƙyalli, ya zagaya kwandon yana haska igiyar da fitilar waya, ya ce zai saya matuƙar ba a kwance ba. Na tambaye shi yaushe zai sha. Ya yi dariya kamar na yi wasa. Shi ma wani zai sayar wa, wanda shi ma ba zai sha ba. Ke kuma Siew Har, kin ce a naɗe shi da leda a kai shi ɗakin sanyi a Kuala Lumpur, a ajiye don tunawa da Baba. Shayin da ke numfashi da iskar Ipoh za ki toshe wa hanci. A cin abincin sabuwar shekara ke kika ce wa yayanki dillali wanda zai sayar da kabarin ubansa in an taya, shi kuma ya ce ke gawa kike son ajiyewa a firji. Tun daga ranar sai dai ku aika wa juna saƙo ta bakin Auta. Ina zaune a tsakaninku ina tauna abin da ba na jin ɗanɗanonsa, na lura da abu ɗaya da kuka yarda a kai ku biyun: kada a buɗe.

Ranar Talatar da ta wuce, da Kam Weng ya fita, na hau benen ina hutawa a hanya, na sa wuƙar fasa shayi na yanke igiyoyin duka. Kada ka wahalar da kanka wajen kiran mutumin Guangzhou, ɗana, ba zai ɗaga ba in ya ji. Na san abin da na zubar, na fi ka sanin farashi. Na ɗaga murfin. Saman ya yi baƙi mai ja-ja, da ɗan fari-fari kamar an barbaɗa gari, da ɗigo-ɗigon fumfuna ruwan zinariya, irin wadda ake so. Na sunkuya na sa hancina a ciki na ja numfashi har ƙirjina ya yi zafi. Ban ji komai ba. Na zauna a ƙasa na yi ta dariya ni kaɗai. Ubanku ya ce a bari ya ƙara shekara, ga shi ya ƙara har ya wuce ni.

Saboda haka kwandon ba na kowa ba ne a cikinku. Ba za a sayar ba, ba za a raba uku ba, domin in aka fasa shi gida-gida kowane kashi zai kama tasa hanya, tsakiyar kuma ta tashi daga tsakiya. Zai zauna inda yake, a kan katakonsa, nesa da bango, a buɗe taga in rana ta fito a rufe in hadari ya haɗo.

Na biyar. Daga sama za a ci shi, sannu a hankali, kuma ba a ɗiba sai ku ukun kuna tsaye a wurin. Ba wakili, ba waya. Sau ɗaya a shekara, gabanin lokacin sharar kaburbura, ku hau tare ku ɓamɓaro abin da zai ishi gida uku, ku zuba a tulu ya sha iska ya farka, don shayin da ya daɗe a danne yana tashi da nauyin barci. Ruwa ya tafasa sosai. Ku wanke ganyen ku zubar da ruwan fari, kada rowa ta sa ku sha shi. Na auna da ido: in kuka bi haka, sai kun yi furfura kafin ku kai tsakiya.

Na shida. Tsoho Pang na tsallaken titi, wanda muka yi rabin rayuwa muna ƙwace wa juna masu saye. Ba ya bina komai, ba na binsa, sai magana ɗaya. Kullum ya gan ni sai ya ɗaga murya ya ce, "Mai kwando, kara kike gadi, ni na san irin ɗaurin nan!" Ni kuma in ce masa, "Kai da ba ka bambance shayi da ruwan wanke-wanke, je ka sayar da rake." Ku gayyace shi ɗanɗanon farko, ku ba shi kujera mai kyau da finjalina. Ba zai ga tsakiyar ba shi ma, ya girme ni. Ku faɗa masa na ce mun yi canjaras.

Na bakwai. Hotona da wurin kunna mini turare ku sa su a ƙasa, can bayan shago. Kada wani ya ce don ina son kwandon a kai ni kusa da shi. Hayaƙin turare yana shiga ganye, ba ya fita. Haka duriyan, ɗan itacen nan mai wari, kada ya hau benen nan ko da a tumbin wani ne.

Na ƙarshe. Ranar sharar kaburbura, in kun gama cire ciyawa a kaina da kan ubanku, ku haɗa shayin shekarar a wurin. Ku zuba mana namu a ƙasa kamar yadda ake yi, amma kada ku tsaya nan, zubawar al'ada ce kawai. Ku sha, kowa ya faɗa mini da baki abin da ya ji. Kam Weng zai ce ya fi na bara, don haka yake cewa a kan komai. Siew Har za ta ce da an bi tata da ya fi haka. Auta ya yi magana a ƙarshe, shi zan yarda da shi. Kada ku shirya bakinku a mota, na san muryar kowannenku in yana karanto abin da aka shirya. Ku yi gardama, ku ɗaga murya yadda zan ji. Gardamar mutanen da ke shan buta ɗaya ba ta taɓa ba ni tsoro ba, shirun nan naku ne ya hana ni barci.

Mai Sama ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku da waɗanda za su haifa. Ya ba ku lafiyar hawa bene da tsawon ran da za ku kai inda ban kai ba. Kam Weng, kai ne babba, kai za ka fara kiran ƙanwarka, yau, ba sai an rufe ni ba. Siew Har, in ya kira ki ɗaga. Ku riƙe Auta, ku riƙe juna.

Shekarar da wuƙarku ta kai tsakiya, ko me kuka tarar, ku zo ku ukun ku faɗa mini. In zuma ce ku faɗa a hankali in ji daɗinta. In kuma kara ne da shara, kada ku ɓoye mini don kunya. Ku faɗa da ƙarfi, ubanku yana kwance a gefena, ina da maganar da zan yi masa.