Ina Amsar Ruwan Rijiyoyinmu?

Assalamu alaikum Nasiru. Ya aiki, ya iyali, ya zaman Ikko? Mu nan Getso sai godiya.

Bara ni na bi gida-gida na ɗebo maka ruwan rijiyoyi a kwalabe, na yi wa mata alkawarin za ka gano abin da ke sa yaransu gudawa. Na ji binciken ya kai ka babbar kujera. Madalla.

Jiya aka binne 'yar Talatu, ɗaya daga cikin matan da na yi wa alkawarin. A wurin gaisuwa ta ce min, "Malama, ina amsar ɗan naki?" Da furfurata ka mayar da ni maƙaryaciya.

Riƙe atamfarka ta sallah, ba zan ɗaura ba. Faɗa mana kawai, mu sha ko kada mu sha?

A sa mu a addu'a. Ka gaida matarka Hauwa, ita ba ta yi min komai ba.

Gwaggonka Binta.