Kaset na Biyar na Baffanku Ne

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Ni mahaifinku, mai gyaran talabijin, nake rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba wanda ya tilasta mini. Jibi za a yi mini tiyata. Da na tambayi likita ko zan tashi, sai ya koma duba takardunsa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

Na ɗaya. Gida da shago a raba su yadda addini ya tsara. Roƙona kawai ku bar Auta ya ci gaba da aiki a shagon, shi ya san inda kowace ƙusa take.

Na biyu. A ƙarƙashin teburin aikina akwai akwatin ƙarfe, cikinsa kaset biyar. Finafinan ban tsoro ne da muka yi ni da ƙanena, baffanku, kafin a haife ku. Kyamara ɗaya gare mu, ta aro. Ni ke ɗauka, shi ke shiga rigar dodo da muka ɗinka da soson katifa. Jininmu jan fenti ne da sitaci. A fim na biyu ana hango zik ɗin rigar a bayan dodon, a na uku kuma akuyar maƙwabta ta ratsa ta maƙabartar kwali da muka gina. Duk da haka mutane sun firgita, har wata mata ta bar takalminta a ɗakin kallo. Matasan nan da ke taruwa a shagona ranar Asabar suna kallonsu, suna maimaita maganganun ciki suna dariya, ba raini suke yi ba, so ne. Sun nemi su kwafe su kafin su lalace. Ku ba su huɗun farko.

Na uku. Kai Babba, na san kunyar finafinan kake ji tun ana tsokanarka da ɗan dodo a makaranta, kuma ka rantse sai ka ƙone akwatin. Ke Malama, a kan haka kika daina gaishe shi wata bakwai. Ya isa. Kai ka yi kaffarar rantsuwarka, ke kuma ki fara zuwa gidansa, yayanki ne.

Na huɗu, shi ne ya sa na ɗauki biro. Kun taso kuna ganin tabon ƙuna a wuyan baffanku da hannunsa na dama da ba ya miƙewa. An ce muku tsautsayi ne. Rabin gaskiya ke nan. A ƙarshen fim na biyar dodon zai kama da wuta a wani tsohon sito. Ni na shafa fetur a bayan rigar, na kuma ƙara fiye da yadda muka shirya, don wutar ta fito sosai. Soson ya narke ya manne masa. Ya yi ihu, ya kira ni da sunan da innarmu kaɗai ke kirana da shi. Na gane ba wasa ba ne. Bargon kashe wutar yana gefen ƙafata. Amma abin da nake gani ta kyamara ya fi duk abin da muka taɓa ɗauka kyau, sai na ci gaba. Numfashi biyar ko shida, sannan na ajiye ta.

Na ce masa na zaci cikin wasan ne, ya yarda. Shekara talatin da huɗu yana kare ni in wani ya zarge ni. Wurin wutar nan matasan suka fi yabo, suna cewa ba su taɓa jin ihu mai kama da gaske irinsa ba. Ni kuwa ko keken marasa lafiya aka turo ta barandar asibitin nan tayarsa ta yi ƙara, sai in ji kamar ihun nasa ne. Sau biyu na je ƙofar baffanku don in faɗa masa, na ɓige da tambayar lafiyar iyali. Ba mutuwar ce ta fi ba ni tsoro ba, tambayar da ke bayanta ce.

Na biyar. Kaset na biyar na baffanku ne, ya ƙona ko ya ajiye. Babba, kai za ka kai masa, ka karanta masa takardar nan ba tare da tsallake kalma ba. Ka yi haka kafin a sallace ni, don ya san wanda zai tsaya wa. In bai zo ba, kada wanda ya ga laifinsa. In ya ƙi yafewa, kada ku matsa masa, kada kuma ku ɗauke ƙafa daga gidansa.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuriya mai jin ƙanku, Ya haɗa kanku a bayana. Ku riƙe juna, ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe baffanku. Ni kuma ku roƙa mini gafara, ku yawaita.